Wasan Takobi a Sinima: Ina Gwanayen Jiya?

Duk wanda ya san daɗin sinima ya san ba a tashi daga kujera sai jarumi da mugu sun zare takuba. A makon nan ina so mu duba yadda mutanen da suka yi wannan aiki, domin a ganina na yanzu sun yi sake.

Mu fara da fim ɗin Robin Hood na 1938, inda Errol Flynn ya kara da Basil Rathbone a kan matakalar fada. Suna sara suna karewa har suka fice daga idon mai kallo, sai inuwarsu kaɗai ke faɗa a jikin ginshiƙi, kana suka sake ɓullowa. Abin mamaki, Rathbone ne gwanin ainihi, tun yana sojan Ingila ya yi suna wajen wasan takobi, amma da yake mugu ake ba shi, kusan kullum shi ake kashewa. Haka aka yi masa a The Mark of Zorro na 1940. Kafin a gwabza ya fille kan kyandir don ya ba Tyrone Power tsoro. Shi kuwa Power ya kai wa wani kyandir sara, aka ga kamar bai same shi ba, har mugu ya yi dariya. Sai ya ɗaga rabin kyandir ɗin, ashe ya raba shi biyu bai ko motsa ba. Tun daga nan ɗan kallo ya san wanda zai kwana lahira.

Wanda ya shirya faɗan nan biyu shi ne Fred Cavens, wanda ya koyi takobi a makarantar soja ta Beljiyam. Dabararsa ita ce a buɗe hannu a yi sara mai faɗi, domin masu wasan gaske sauri gare su, ido ba ya cim musu. Watau a fim takobi ake duka, ba mutum ba. Wannan ba laifi ba ne a wurina, muddin an bar ni in ga ƙafa da hannu da takobi a lokaci guda.

Scaramouche na 1952 ya fi su tsawo. Stewart Granger da Mel Ferrer sun haura minti 6 suna fafatawa cikin gidan wasan kwaikwayo, daga bene zuwa kan kujeru har bisa dandali. Da jarumi ya sami sa'a sai ya kasa suka, daga baya aka gane ashe ɗan'uwansa ne. Japanawa kuwa nasu salon daban: a Sanjuro na 1962, Kurosawa ya tsai da mutum biyu shiru suna duban juna, sara ɗaya tak, magana ta ƙare.

To, yau fa? Sai a daddatsa hoto gutsi-gutsi, nan fuska, can hannu, kwamfuta ta cike sauran, har mutum ya rasa wa ya sari wa. Masu shiryawa za su ce lokaci kuɗi ne, kuma koya wa ɗan wasa takobi sai an yi watanni. Gaskiya ne. Amma ai an yi watannin a The Princess Bride na 1987, inda Cary Elwes da Mandy Patinkin suka koya a hannun Bob Anderson da Peter Diamond, suka fara karawa da hagu, sa'an nan kowannensu ya bayyana cewa shi ba bahago ba ne, ya mai da takobi dama aka ci gaba.