ChatGPT Ba Lauya Ba Ne

Jama'a, wata ɗabi'a ta shigo mana nan Legas. Mota ta buge ɗan'uwa, ko inji ya cinye masa yatsa a kamfani, sai yaranmu su ce a tambayi ChatGPT. Ya zubo Turanci mai daɗi, a ɗauka an gama.

Ina! Bai ga raunin ba, ba zai karɓo rahoton 'yan sanda ko na likita ba, kuma yana ƙaga ƙarya. A 2023 kotu a Amurka ta ci lauyoyi tarar dala 5,000 kan shari'o'in bogi da ya ba su. Lauyoyi ke nan fa!

Wanda ya ji rauni a wurin aiki ya nemi NSITF. Kada kowa ya sa hannu kan tayin kamfanin inshora sai lauya ya gani, kuma ƙara tana da wa'adi.