DAGA BAYAN KYAMARA: Jarumar da ta shekara 30 tana gudun jirgin sama

Duk wanda ya kalli Sarafina ya san Whoopi Goldberg, malamar nan da 'yan sandan wariyar launin fata suka kama. A fim kam ba ta da tsoro. Amma a zahiri, da an ce mata jirgin sama sai cikinta ya ɗuri ruwa.

Kuma tana da dalili. A shekarar 1978 tana zaune a birnin San Diego na Amurka lokacin da wani jirgin fasinja ya yi karo da ƙaramin jirgi a sararin samaniya, mutum 144 suka mutu. Ta ce da idonta ta gani. Tun daga nan, in dai akwai hanyar ƙasa, bas take hawa, ko da tafiyar kwana da kwanaki ce.

Sai a 2009, da za a buɗe wasan dandamali na Sister Act a Landan, tana cikin furodusoshi. To bas ba ta ƙetare teku! Dole ta shiga wani kwas na kamfanin Virgin Atlantic da ake yi wa masu tsoron jirgi, inda matuƙa ke zama su yi bayani dalla-dalla. Ta je Landan ɗin kuwa.

Wane bayani ne? Ƙarar da kake ji jim kaɗan bayan tashi, tayoyi ne ke naɗewa. Injin ya rage kuka, ba mutuwa ya yi ba, matuƙi ne ya sassauta. Girgizar cikin gajimare kuwa gargada ce irin ta titi, an ƙera jirgin ya jure ta.

Ni abin da na ɗauka shi ne, ba dariya aka yi mata ba, zama aka yi da ita. Ku nemi fim ɗin French Kiss na 1995. Meg Ryan tana rawar jiki a kujera, Kevin Kline da ke gefenta ya ja ta da gardama, kafin ta ankara jirgi ya lula.

Mu nan Kano ba mu manta jirgin da ya faɗa Gwammaja a watan Mayun 2002 ba, don haka mai tsoro ba ragwanta yake ba. Amma tsoron yana iya sa ɗan wasa ya ƙi aikin lokeshin a ƙasar waje, ko ya yi ta ɗage Umara.

In kana da irin wannan aboki, kar ka mai da shi abin tsokana a majalisa. Zauna kusa da shi, ka faɗa masa kowace ƙara kafin ta zo, ka ja shi da hira, ku yi addu'ar tafiya tare.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.