Kada Mu Manta da Mai Harhaɗa Magunguna

'Yan'uwa, idan ciwon sankara ya ci jiki har likita ya ce a koma gida, hidima takan dawo hannun iyali da ikkilisiya. Zumuntar Mata su kai kunu, dattawa su kai addu'a, amma da dare majiyyaci yana nishi har gari ya waye. A ganina akwai wanda muke mantawa a wannan hidima, wato mai harhaɗa magunguna da ke da kanti a garinmu.

Kula da wanda ajalinsa ya kusa aiki ne mai ilimi. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta kuma koyar cewa a riƙa ba da maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya taso. A Yuganda, Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, inda ake haɗa mofin na ruwa mai araha, majiyyaci ya sha a gidansa.

Likita ne ke rubuta irin wannan magani, amma likita yana nesa, kanti kuwa yana kusa. Mai harhaɗa magunguna zai nuna wa iyali yadda ake auna mofin na ruwa, wanda akan sha kowane awa 4. Zai faɗa masu cewa yana ɗaure ciki, don haka a haɗa da mai sassauta bayan gida. Zai duba ko magungunan da aka tara, har da na gargajiya, suna karo da juna. Idan majiyyaci ya kasa haɗiye ƙwaya, shi zai faɗi wadda za a iya niƙawa da wadda ba a niƙawa.

Wasu za su ce ai irin waɗannan magunguna ne suka lalata matasanmu. Gaskiya ne, shi ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma laifin mashayi bai kamata ya hau kan tsohuwar da ke kwance ba. Maganin wannan tsoro shi ne a bi ta hannun mai lasisi, a kulle kwalba, a kuma mayar da abin da ya rage.

A lura, ba kowane mai kemis ne mai harhaɗa magunguna ba. Mai ƙaramin kemis ba shi da izinin sayar da mofin.

Saboda haka ina roƙon dattawa su nemi mai lasisi mafi kusa, ko namu ne ko ba namu ba, su san shi tun kafin buƙata ta taso. Kwamitin ziyarar marasa lafiya ya riƙa shawara da shi, a kuma ware wani abu daga baikon taimako domin kuɗin magani da na mota. Ubangiji ya ba mu zuciyar jinƙai. Amin.