Wa ke bin jerin waƙoƙinka a Spotify? Kai ba ka ganinsu, su kuwa suna ganinka

Ka zauna da dare ka tsara jerin waƙoƙinka a Spotify. Ka sa Hamisu Breaker, ka bi shi da Umar M Shareef, ka jefa Burna Boy guda biyu, ka rufe da Shata don kar a ce ka manta gida. Ka raɗa masa suna, ka kwanta. Bayan kwana uku ka leƙa, sai ka ga mutum 7 sun ajiye shi. Jiya 6 ne. To wane ne na bakwai ɗin? Abokinka ne na makaranta, ko yarinyar nan da kuka daina magana tun bayan sallah? Kar ka musa, na san ka tsaya ka yi wannan lissafin. Ke ma da kike dariya, kin yi.

Amsar ba ta da tsawo: ba za ka gani ba. Spotify yana nuna maka adadin waɗanda suka ajiye jerinka, amma ba ya nuna sunayensu, ko a waya kake ko a kwamfuta, ko kana biyan kuɗin wata-wata ko kana sauraron kyauta mai talla. Waɗanda zai nuna maka da sunansu su ne mabiyan shafinka, wato waɗanda suka bi ka kai kanka. Abu biyu ne daban, kuma a nan ake ruɗewa. Mutum zai iya ajiye jerinka bai bi shafinka ba, wani kuma ya shekara yana bin shafinka bai taɓa buɗe jeri ko ɗaya ba. Masu amfani da manhajar sun yi shekaru suna roƙon kamfanin ya bayyana sunayen, har yau shiru.

Akwai 'yar dabarar da wasu ke yi, su riƙa shiga shafukan mabiyansu ɗaya bayan ɗaya suna duba ko jerinsu na cikin waɗanda aka baje a can. Wani lokaci a dace. Amma sai in mutumin ya ga damar nuna shi. In bai nuna ba, data kawai ka ƙona.

Wannan ƙishirwar son sani ita ce wasu suka mayar kasuwa. Za ka ci karo da bidiyo ko saƙo mai ɗauke da adireshi, ana ce maka danna nan ka ga duk wanda ke bin jerinka. Tsohuwar waƙa ce aka sake wa kiɗa. Da ma haka aka riƙa yi da "duba wanda ya leƙa shafinka na Facebook". Ga abin da ya kamata ka riƙe: ƙofar da Spotify ya buɗe wa masu ƙera manhajoji na waje ba ta ba su jerin sunayen. Jimilla kawai take ba su, irin wadda kai ma kake gani. Don haka duk wanda ya ce zai kawo maka sunaye, ko dai ya ƙirƙiro su ne, ko kuwa ba sunayen ne a gabansa ba, kalmar sirrinka yake nema. Zai buɗe maka shafi kore da baƙi mai kama da na Spotify sak, ka rubuta imel da kalmar sirri da hannunka.

Za ka ce, to in an sace asusun waƙa sai me? Tambayi kanka da me ka buɗe shi. Da yawanmu da Facebook ko Gmail muka shiga, kuma kalmar sirri ɗaya muke yawo da ita ko'ina, galibi suna da shekarar haihuwa. Wanda ya samu imel ɗinka ya samu hanyar sauya kalmar sirrin sauran shafukanka. Daga nan sai labarin da kowa ya sani: yayarka ta kira ka tana tambayar asibitin da kake, don wani ya tura mata saƙo da sunanka yana neman a taimaka masa da dubu goma cikin gaggawa.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali ba damfarar ba ce. Kai kana nan kana leƙen wanda ba za ka gani ba, alhali ƙofarka ce a buɗe. A Spotify, jerin da ka haɗa a bayyane yake tun farko, sai in kai ne ka je ka rufe shi. Duk wanda ya gano shafinka zai iya ganin sunan jerin, da hoton da ka sa, da waƙoƙin da ke ciki, ba sai ya bi ka ba, kuma babu abin da zai sanar da kai cewa ya shigo.

Manyan Amurka sun ɗanɗana wannan a watan Yulin 2025. Wani da bai bayyana kansa ba ya buɗe shafi mai suna Panama Playlists, sunan da ya aro daga badaƙalar takardun Panama ta 2016, ya baje abin da ya ce jerin waƙoƙin fitattun mutane ne, ciki har da mataimakin shugaban ƙasa JD Vance da Sam Altman na OpenAI. Wasu daga cikin waɗanda aka ambata sun amsa cewa nasu ne. Ba kutse aka yi ba, ba a fasa komai ba. Abin da mutane suka bari a fili aka bi aka tattara. A can abin ya ƙare a dariya da tsokana, wane babban mutum ne ke jin waƙar samari yana girki.

A nan wajenmu ban tabbata dariya kaɗai zai tsaya ba, domin waƙa a ƙasar Hausa ba nishaɗi ne kawai ba. Jerin da ya cika da waƙoƙin Rarara yana faɗin wani abu game da siyasarka, ko da kai kiɗan ne kawai ya burge ka. Irin begen da kake saurara yana iya nuna ɗariƙarka. Karatun malamin da ka jera yana nuna ɓangaren da ka karkata. Sai kuma sunan jerin kansa, wanda a nan ne muka fi sakin jiki: wani ya sa sunan budurwa, wata ta sa ranar da aka rabu, wani ya rubuta abin da ba zai iya furtawa a gaban mahaifinsa ba. Yanzu ki ɗauka an zo neman aurenki, dangin miji sun shiga bincike, kuma binciken zamani ai daga waya ake farawa. Ƙanwar ango ta rubuta sunanki, ta samu shafin da kika buɗe da hotonki na Facebook, ta ga jerin da kika haɗa shekara uku da suka wuce da sunan wani. Ba laifi kika yi ba. Amma hoton allo ɗaya ya isa a kwana ana magana a gidan da ba ki ma shiga ba tukuna.

Shi ya sa a kan ɓoye sunayen nan, gaskiya ina bayan Spotify. Ka juya abin ka gani. In da kai za ka iya ganin wanda ya ajiye naka, to ita ma za ta ga cewa kai ne ka ajiye nata da ƙarfe biyun dare, wata takwas bayan ka rantse ka manta da ita. Rufin asirin da ke ba ka haushi shi ne ke rufa maka naka. Inda nake ganin kamfanin ya gaza shi ne barin jeri a buɗe tun daga farko. Manhajar ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, ta tarar da matasan da suka saba da waƙa a katin memori, a tura ta Xender ko Bluetooth, ba wanda ya san me ke cikin wayarka sai wanda ka miƙa wa. Da wannan tunanin muka shiga, ba mu lura cewa wannan karon a bakin titi muka shimfiɗa tabarma ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023, amma doka ba za ta bi wayoyin mutane tana goge hoton abin da kai da kanka ka bari a fili ba.

Ita kanta lambar da kake kallo, kar ka ba ta gaskiya da yawa, musamman in kai mawaƙi ne mai tasowa. Akwai masu jerin da ke nuna mabiya dubu hamsin, su ce ka biya su saka waƙarka. Tunda ba a ganin sunaye, ba ka da hanyar sanin ko mutane ne ko asusun bogi da kwamfuta ke juyawa. Tun 2024 Spotify yana cin tarar kamfanonin rarraba waƙa idan ya kama sauraron bogi mai yawa, su kuma sukan sauke waƙar ko su ɗora wa mawaƙin. A shekarar ce kuma ya daina biyan kuɗi kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, abin da ya ƙara tura ƙananan mawaƙa hannun masu sayar da lamba. A watan Satumban 2024 masu gabatar da ƙara a Amurka suka gurfanar da wani mutum ɗan jihar North Carolina bisa zargin tara sama da dala miliyan 10 ta hanyar sa dubban asusun bogi su riƙa sauraron waƙoƙin da kwamfuta ta haɗa masa. Kai da ka biya dubu ashirin daga kuɗin situdiyo, ƙarshenta waƙarka ce za a cire.

Gyaran ba ya cin minti biyar. Buɗe kowane jeri, danna ɗigo ukun nan, ka zaɓi mayar da shi na sirri. Lura, cire shi daga shafinka daban, mayar da shi na sirri daban: in cirewa kawai ka yi, wanda ke da adireshin jerin zai ci gaba da buɗewa. A cikin saituna akwai wurin hana sababbin jeri fitowa a shafinka, amma bai shafi tsofaffin ba, sai ka bi su da hannu. A nan ne kuma za ka kashe nuna mawaƙan da ka saurara kwanan nan, ka duba ko mabiyanka na ganin abin da kake ji. Akwai maɓallin da suka rubuta wa Private session, na sauraro a ɓoye, sai dai yana kashe kansa bayan sa'o'i 6. Wanda ya dame ka kuma, tun 2021 kana iya toshe shi da kanka. In ka taɓa danna irin adireshin can na ganin mabiya, yau ɗin nan ka sauya kalmar sirri, ta Spotify da ta imel, sannan ka shiga shafin asusunka ta burauza ka cire duk manhajar da ba ka gane ba a cikin waɗanda ka bai wa izini.

Shi kuma na bakwai ɗin, in har ya hana ka barci, saka jerin a status na WhatsApp ka tambaya wa ya ajiye. Kar ka yi mamaki in ƙanenka ne ya amsa daga wayar Umma.