Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido: Ƙaho, Allura Da Ciwon Ƙashin Baya A Agege

Duk wanda ya san zaman Hausawa a Legas ya san cewa da ƙarfin gadon baya ake neman abinci. Ɗan dako a kasuwar Mil 12 yana sauke buhunan albasa tun asuba, mai ga-ruwa a Agege yana tura kura cike da jarkoki, mahauci a mayankar Oko-Oba yana saɓa cinyar sa a kafaɗa. Saboda haka ciwon baya ya zama ruwan dare a tsakaninsu. Idan ya taso kuwa, wanzami ake fara nema, a kafa ƙaho ko a yi tsaga, a ce an cire mataccen jini. Masu ɗan abin hannu kuma sukan tafi inda ake sukar allurar Sinawa, wato akufanca, wadda ake kafa siraran allurai a jiki domin rage zafin ciwo, don kuwa akwai masu yin ta a Legas.

Ra'ayina a nan shi ne, duk abin da zai huda fatar baya, askar wanzami ce ko allurar Basine, bai kamata ya taɓa jikin mutum ba sai an cika sharuɗɗa biyu: kayan aikin su zama sababbi masu tsabta, sannan a san irin ciwon da ake fama da shi. Ga dalilaina.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar mutum ita ce bangon jikinsa, a kanta kuwa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Akwai wata mai suna sitafilokokas, wadda kusan mutum ɗaya cikin uku ke ɗauke da ita a hanci ko a fata ba tare da ta cutar da shi ba. Da zarar an huda fata ba a wanke wurin sosai ba, ko aka yi amfani da ƙarfen da ya shiga jikin wani, sai ta sami ƙofa. Allura mai tsawo tana iya kai ta kusa da ƙashi kai tsaye, ko kuma ta bi jini ta je ta maƙale a ƙashin baya da faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓinsa. A nan take cin ƙashi a hankali, ta tara mugunya. Idan mugunyar ta danne laka, wato jijiyar da ta ratsa tsakiyar ƙashin baya daga ƙwaƙwalwa, ƙafafu kan shanye, mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Wani ma daga nan sai keken guragu har ƙarshen rayuwa.

Mai karatu, kada ka ɗauka wannan matsala ce ta talakan Agege kaɗai. A 1984, a jihar Rod Ailan ta Amurka, mutum 35 suka kamu da ciwon hanta nau'in B a wajen mai akufanca guda ɗaya. A 2002 an sami fiye da mutum 30 a birnin Toronto na Kanada da suka kamu da gyambon fata saboda alluran da ake maimaita amfani da su. A 2010 kuma wasu likitocin Jami'ar Hong Kong suka ja hankalin duniya a mujallar likitocin Birtaniya cewa an sami fiye da mutum 50 da ƙwayoyin cuta masu tara mugunya suka kama bayan akufanca, wasu a gaɓoɓi, wasu a ƙashin baya. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horo da tsabta ga masu wannan sana'a. Gaskiya ne irin wannan haɗari ba ya yawan faruwa a hannun ƙwararre mai amfani da allurar da ake jefarwa bayan suka ɗaya. To amma idan hakan ta faru a ƙasashen da ake sa ido, ina ga aska ɗaya da ta zagaya bayan mutum goma a bakin kasuwa, ana goge ta da tsumma? Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kan rayu har kwana 7 a busasshen jini, kuma tsoma ƙarfe a ruwan Dettol na ɗan lokaci ba ya kashe duk abin da ke kansa.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi. Mun saba duk ciwon baya mu ce basir ne, ko sanyi, ko gajiya. Mafi yawa kam na gajiya ne, kuma yakan lafa da hutu cikin 'yan makonni. Amma akwai wanda ke da alamomi na daban: ba ya lafawa ko an kwanta, yana tsananta da dare, idan aka danna wuri guda a ƙashin sai mutum ya zabura, ga rama, ga zufar dare, wani lokaci da zazzaɓi. Na ce wani lokaci, domin kusan rabin masu wannan ciwo ba sa zazzaɓi, don haka rashinsa ba hujja ba ce. Masu ciwon suga, da masu cutar ƙanjamau, da tsofaffi sun fi shiga haɗari. Bugu da ƙari, a ƙasarmu tarin fuka ma yana cin ƙashin baya har ya fitar da doro, abin da wani likitan Ingila mai suna Fasibal Fot ya bayyana tun 1779. Mai irin wannan ciwo ko ƙaho ɗari aka kafa masa ba zai warke ba, sai dai ya ɓata watannin da ya kamata a ce yana shan magani.

Maganin kuwa akwai shi idan an je da wuri. Likita zai auna jini, ya sa a ɗauki hoton MRI, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai a makonnin farko. Ƙwayar cuta irin sitafilokokas ana yaƙar ta da magani na kimanin mako 6, tarin fuka na ƙashi kuma yakan ɗauki wata 9 zuwa 12, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wanda mugunya ta danne wa laka sai an yi masa tiyata cikin gaggawa. Mazaunin Agege yana da Babban Asibitin Orile-Agege a kusa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, ga na Idi-Araba, ga Asibitin Ƙashi na Igbobi.

Wani zai ce ƙaho gadonmu ne, kuma sunna ce. Babu mai musun haka, kuma wanzami mutum ne mai daraja a cikin al'umma, shi ke askin jariri ranar suna, shi ke kaciya. Sai dai addinin da ya halatta ƙaho shi ne ya hana cutar da kai da cutar da wani. Wani kuma zai ce asibiti tsada. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, hoton MRI ya fi ƙarfin ɗan dako. Amma a auna kuɗin gwajin jini da asarar magidancin da aka ɗauko a bayan mota daga Legas zuwa Katsina ko Sakkwato ba ya iya taka ƙafa, iyalinsa da ke jiran aike suka koma jinya.

Don haka ina kira ga Sarkin Hausawan Agege da sarakunan aska na Idi-Araba, Mil 12 da sauran unguwanni su zauna da ma'aikatan lafiya a tsara ƙa'ida: sabuwar reza ga kowane mutum, a buɗe ta a gabansa, kofin roba a yi amfani da shi sau ɗaya, a wanke hannu, a wanke fata. Jihar Legas tana da hukumar da ke rajistar masu maganin gargajiya, ya kamata wanzamanmu su shiga a san da su. Abu mafi muhimmanci, a koya wa wanzami alamomin da na lissafa, domin shi ne yake fara ganin bayan majinyaci kafin likita. Wanzamin da ya rufe zabirarsa ya ce "Malam, wannan ba na ƙaho ba ne, tafi asibiti" ya fi kowa ƙwarewa. Mai zuwa wajen allurar Sinawa shi ma ya nemi ganin shaidar rajista, ya ga an ɓare allurar daga ledarta. Wanda kuma aka yi wa ƙaho ko allura ya ga ciwon ya ƙaru, ko wurin ya kumbura, ko ƙafa ta fara nauyi, kada ya kwana, kuma ya gaya wa likita abin da aka yi masa ba tare da kunya ba.

Mu ɗaliban Hausa namu aikin shi ne mu kai wannan bayani cikin harshen da ɗan ci-rani zai fahimta, a rediyo, a wasan kwaikwayo, a majalisar unguwa lokacin hutu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da masu neman halak gida da ƙafafunsu, amin.