Kowa Ya Kira Ka a Tsibiri, Da Kuɗinka Yake Magana

Duk mai karanta littattafanmu na Hausa ya san wannan babin. An gama biki, an kai amarya, kwana uku sai ga Alhaji ya shigo da tikiti biyu a hannu, wai za a tafi cin amarci wani tsibiri. Shafi na gaba amarya tana kwance a bakin teku, iska tana kaɗa mata gyale, ta kira Mami, ta kira aminiyarta, ta kira ƙanwarta, kowacce a yi awa guda ana hira ana ƙyalƙyata dariya. Ban taɓa jin mai karatu ya tambayi wanda ya biya kuɗin wannan hirar ba, ba na kuma ganin laifin kowa, don littafin soyayya ba rasit ba ne. Amma tunda yanzu mutanenmu sun fara zuwa irin waɗannan wurare da ƙafarsu, ya kamata a faɗa masu abin da wayar hannu take yi wa aljihu da zarar an tsallake ruwa, a kuma faɗa wa masu iko cewa abin nan zalunci ne da ake da maganinsa.

Ni Zanzibar na sani, don can babban ɗanmu ya kai mu ni da mahaifinsa a watan Disambar 2024, mako guda, ta Addis Ababa. Ga wanda bai sani ba, Zanzibar tsibirai ne a gabashin Afirka, manyan su biyu ne, Unguja da Pemba, kuma tun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Akasarin mutanen Musulmi ne, kiran salla yana tashinka da asuba kamar kana Fagge, kanumfarin da muke sa wa a yaji da shayi noma shi suke yi. Yarensu Suwahili yana da kalmomin Larabci irin namu, idan mai shago ya ce "ishirini" ko "thelathini" ba ka buƙatar tafinta. Wayar ma "simu" suke ce mata. Wato dai wuri ne da Bahaushe ba ya jin baƙunta sosai, in ban da layinsa, wanda shi ake yi wa kallon baƙon da ya zo da jakar kuɗi.

Abin da ake kira romin, kada a ɗauka romon kaza ne, shi ne layinka na gida ya ari ƙarfen sabis ɗin wani kamfani a wata ƙasa. Kamfanin can sai ya rubuta wa kamfaninka kuɗin haya, da dala, kamfaninka ya ɗora ribarsa, ya cire daga katinka. Kai da za ka biya ba ka wurin da aka yi cinikin. Da naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023, daga wajen 460 a dala ɗaya har ta haura 1,500 a 2024, duk abin da ake lissafa shi da dala ya zama ƙaya, har da wannan.

Babban abin da ya fi ci mani rai shi ne kuɗin amsa kira. A gida mun saba wanda ya kira shi ke biya, shi ya sa muka ƙirƙiro filashin, yaro ya buga wa babba ya kashe don babban ya kira. A romin kuwa, wanda aka kira shi ma yana biya. 'Yar'uwarka a Gwammaja ta ga lambarka ce ta kullum, ta kira don ta yi maka sannu da hanya, ta ɗora da labarin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji, ita a ganinta kyauta take yi maka da katinta, ba ta san kowane minti ana yankar naka ba. Kai kuma kunya ba za ta bari ka ce wa yayarka ta gajarta ba. Katin da muka loda a Kano, wanda a gida yakan kai mu wata, a kwana na biyu aka turo saƙo wai ya ƙare, alhali maigida bai kira kowa ba sai Hajiyarsa sau biyu. Saƙon maraba da kamfanin ya turo ranar da muka sauka bai faɗi farashin komai ba, sai fatan mu ji daɗin tafiya. To mun ji.

Ita kuwa data ba a magana. Wayoyin yanzu ko suna cikin jaka aiki suke yi, suna sauke hotunan da aka tura a zauren dangi na WhatsApp, suna sabunta kansu, suna kwashe hotunan da ka ɗauka suna adanawa. Wata baiwar Allah 'yar Ikko da muka haɗu da ita a otal ta ce ita tun a filin jirgi, kafin jakarta ta fito, kuɗinta suka tafi.

Sai kuma shi kansa sabis ɗin. Jama'a su daina zaton duk inda Turawa ke zuwa hutu komai yana aiki. Tsibiri abin da yake samu ta ƙarƙashin ruwa yake zuwa masa. Wutar lantarkin Unguja daga babban yankin Tanzaniya ake jawo ta da waya ta cikin teku, kuma da layin ya lalace a watan Disambar 2009 sai da tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu, har cikin Maris na 2010, bayan wanda aka yi na kusan wata guda a 2008. An shimfiɗa sabuwar waya a 2013, abin ya yi sauƙi, amma har lokacin da muka je ana ɗauke wuta, kuma ƙarfen sabis da wuta yake aiki. Intanet ma haka. A ranar 12 ga Mayun 2024 wayoyin ƙarƙashin teku biyu, EASSy da SEACOM, suka tsinke, Tanzaniya ta kwana biyu tana jan ƙafa. Mu ma mun ɗanɗana irinta a watan Maris na wannan shekarar, lokacin da wayoyi suka yanke ta wajen Kwaddebuwa, mutane suka yi ta tsayuwa a gaban masu POS kuɗi sun ƙi tafiya.

A tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, gidajen na dutsen murjani ne masu kaurin bango, lungunan kuma sun fi na cikin birnin Kano ƙunci. A tsakar ɗaki sanda ɗaya za ka gani a fuskar waya, sai ka hau saman bene ko ka fito bakin ruwa. Can gabas, wajen Paje, inda teku ke janyewa da nisa har mata su shiga su yi aikin ciyawar ruwan da suke nomawa, sabis yana zuwa yana tafiya kamar ruwan kansa. Intanet ɗin otal da rana lafiya lau, da an yi sallar isha kowa ya koma ɗaki ya hau, sai ta zama ta kunkuru. Ba na ƙorafi a kan wannan, don ƙauyukanmu da yawa ba su kai su ba. Ƙorafina shi ne a caje ka kuɗin sarauta a kan sabis ɗin da kake ɗaga hannu sama kana nema.

Na san abin da wasu za su ce. Hutu kika je, ki kashe wayar mana ki huta. Wannan maganar wanda ba shi da tsohuwa a gida ce. Mu idan aka yi rasuwa da safe, kafin azahar an kai, babu ajiye gawa a jira na nesa. Wanda ya kashe waya kwana bakwai yana iya dawowa ya tarar har an yi addu'ar uku, kuma wannan abin ba ya goguwa a dangi. An ce zumunci a ƙafa yake, to yanzu rabinsa ya koma waya, ko mun so ko mun ƙi. Hajiyar maigida ta haura tamanin, ba ta san WhatsApp ba, wayarta 'yar ƙarama ce mai madanni, lamba ɗaya ta haddace, ita ce kuma za ta kira.

Wasu kuma za su ce a sayi layin can. Mun saya, kuma shi nake ba kowa shawara. Akwai Vodacom da Airtel da Halotel, da Yas, wanda shi ne sabon sunan da aka ba Tigo da Zantel a watan Nuwamban 2024. Da fasfo ake yin rajista, kuma datar mako guda ba ta kai kuɗin cin abinci ɗaya a otal ba. Sai dai layin gida ba ya cirewa, domin a kansa banki ke turo lambar sirrin da ake tabbatar da fitar kuɗi, a kansa alat yake shigowa. A nan masu Tecno da Itel suka fi masu tsadaddun wayoyi morewa, tunda layi biyu suke ɗauka: a bar na gida don saƙon tes kawai, a kashe masa data, a ɗora komai a kan na can. Akwai kuma layin da ba a sa shi da hannu, eSIM, wanda ake saye ta intanet tun kafin a tashi, amma ba kowace waya ke karɓarsa ba, kuma da dala ake biya.

Duk waɗannan dabarun talaka ne na kauce wa duka. Tambayar ita ce me ya sa ake dukan tun farko, alhali a nan Afirka aka fara nuna wa duniya cewa ba dole ba ne. A 2006 kamfanin Celtel, wanda ɗan Sudan Mo Ibrahim ya kafa, ya fito da tsarin da ya kira One Network a Kenya da Tanzaniya da Yuganda. Ka tsallaka iyaka da layinka, ka kira da farashin ƙasar da kake, amsa kira kyauta, ka sayi katin can ka loda. A ƙarshen 2007 aka shigar da Nijeriya da Nijar da Chadi da Sudan cikin tsarin. Masu shekaruna za su tuna layin nan da ya yi ta sauya suna kamar bazawara mai yawan aure: Econet a 2001, ya koma Vmobile, ya koma Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Wato lokacin da muke fama da wayoyin da ko hoto ba sa ɗauka, an riga an gano cewa murya ba ta san kwastan ba. Turai ba ta soke kuɗin romin tsakanin ƙasashen Tarayyarta ba sai ranar 15 ga Yunin 2017, bayan shekara goma tana rage shi sannu a hankali, kuma da doka ta yi, ba da roƙo ba. A 2022 ta ƙara wa dokar wa'adi zuwa 2032. Kamfanonin can sun yi kukan za su karye, ga su nan har yau suna ciniki.

Mu fa? ECOWAS ta amince da tata ƙa'idar a watan Disambar 2017, wadda ta ce matafiyi ya amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma kira da farashin ƙasar da ya sauka. Takarda ta yi kyau. Sai a 2023 Gana da Kwaddebuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu, shekara shida bayan sa hannu, sannan Togo da Binin suka biyo baya da Gana a 2024. Nijar kuma, wadda ita ce muka fi shiga da fita, ta bar ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso a watan Janairun 2025. Mutanen Jibiya da Illela da Maigatari sun san abin da nake faɗa fiye da ni, don wani lokacin suna zaune a ƙofar gidansu waya za ta kama sabis ɗin ƙetare da kanta. Saboda haka kada wani ya ce wannan kukan masu zuwa bakin teku ne. Wuƙar da ta yanki mai hutu a Zanzibar ita ce take yankar mai saro atamfa a Kwatano da direban da ke kai kaya Maraɗi, kuma su ba mako guda suke yi a shekara ba.

Gabashin Afirka sun yi nasu tsarin tun 2014, Kenya da Ruwanda da Yuganda suka fara. Kowane yanki yana ɗinke nasa, amma tsakanin yamma da gabas babu gada, ga shi kuwa tun Janairun 2021 ake ta shelar an buɗe kasuwar bai ɗaya ta Afirka. Ban ga yadda za a yi ciniki da mutumin da kake tsoron amsa kiransa ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da hukumar sadarwa ta NCC za ta iya yi gobe da safe ba tare da ta jira wata ƙasa ba. A watan Janairun 2025 ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, ta saurari kukansu. To ta saurari namu. A wajabta cewa duk layin da ya sauka wata ƙasa, saƙon farko da zai shigo ya faɗi kuɗin kira, da kuɗin amsawa, da kuɗin data, a naira, da Hausa ga wanda ya zaɓi Hausa. A kuma sa iyaka, idan kuɗin ya kai wani adadi a tsayar, a tambayi mai layi ko ya yarda a ci gaba. Turai tana da irin wannan birkin tun 2010, a kan Yuro 50. Gwamnatin Zanzibar ma, da ta ɗora wa baƙi inshorar dole ta dala 44 daga ranar 1 ga Oktoban 2024, tun kafin mu bar Kano muka san adadin, muka ji haushi, muka biya.