FILIN KIWON LAFIYA: A ba hayaƙi hanya

Ga kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ɗari ya fara kankama. Samarin ƙasar Sarkin Hausa sun soma ɗaure jaka: wasu za su tsaya Maraɗi, wasu Agadas, wasu kuwa sai Aljeriya. Domin su ne muka ɗauko zancen wannan wata, watau injin ɗuma ruwan wanka mai aiki da gaz.

Na san wani zai ce: mu da muke ɗora tukunya bisa murhu da kara, ina ruwanmu da wannan inji? To, da ruwanmu. Ɗiyanmu ne ke yi wa magina aikin lebura a birane, su ke fasa bango a sa bututu, su ke kwana cikin waɗannan gidaje. Ban da haka, tun da matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gaz ta zama abin gida a ƙasarmu, kuma inda gaz ya shiga, injin yana biye.

Ga yadda abin yake. Wuta ba ta ci sai da iska. In ta sami iska isasshiya, harshenta shuɗi ne. In iska ta gaza, sai harshen ya koma rawaya, ta riƙa fitar da wata muguwar iska da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Da ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iska mai kyau har sau 200 da wani abu. Mutum yana numfashi, amma jikinsa yana shaƙewa. A Aljeriya, ƴan kwana-kwana na ƙasar suna ƙirga gawa fiye da 100 kowace shekara saboda ita, galibi lokacin sanyi. Abin ya kai har a watan Janairu na 2023 gwamnatinsu ta umarci kamfanin Sonelgaz da ya saka wa gidaje na'urar ƙararrawa kyauta.

Saboda haka ranar kafa inji, abin da ya fi komai shi ne bututun hayaƙi. Ya tashi daga kan injin ya miƙe sama tukuna, kana ya karkata. In zai bi ta bango, ya tafi yana ɗan hawa, kada ya yi ciki a tsakiya, kada ya sunkuya, gama hayaƙi mai zafi sama ya sani. Faɗinsa ya zama daidai da bakin injin. Kada a ce wanda ke hannu ya ɗan fi ƙanƙanta amma zai yi. Ba zai yi ba. Na ƙarfe ake sawa, ba na roba ba, kuma a ɗaure gaɓoɓinsa tamau. Ƙarshensa ya fita waje sarai, nesa da taga, a sa masa hula don ruwan sama. Na taɓa shiga wani sabon gida a birni, na tarar bututun ya ƙare tsakanin rufi da kwano. Mai gida yana ta yabon aikin wai babu abin da ya ɓata masa bango. Ni kuwa sai da gabana ya faɗi.

Hayaƙi ba ya fita in sabuwar iska ba ta shigo ba. Shi ya sa ake barin kafa a ƙasan ƙofa ko a bango. Nan ne mutanenmu ke kuskure: da sanyi ya matsa, sai a cusa tsumma ko kwali a toshe ta. Wanda ya toshe kafar nan ya toshe wa kansa numfashi. Kuma ba a kafa injin a ɗakin kwana ko a ƙaramin makewayi rufaffe. In da hali, a kafa shi waje, ƙarƙashin rumfa.

In an gama, a gwada tun ma'aikacin bai karɓi kuɗinsa ba. A shafa ruwan sabulu a mahaɗin tiyo. In ya yi kumfa, gaz na yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Sannan a rufe ƙofa, a saki ruwan zafi na ƴan mintoci, a kara madubi kusa da inda bututu ya haɗu da kan injin. In madubi ya yi raɓa, hayaƙi na dawowa ɗaki, aiki bai yi ba. Kowace shekara kafin ɗari a sake leƙa bututun, don tsuntsu na yin sheƙa ciki, zanzaro na yin gini, ga ƙurar hunturu.

Mu na karkara kuma kada mu ce mun tsira. Kaskon gawayi da muke shiga da shi ɗaki mu ja ƙyaure, ko garwashin da ake sa wa mai jego, iskar nan ce dai suke fitarwa. A sha ɗumi, amma a fitar da kasko kafin a kwanta.

Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin sauro ne. Amma in mutanen ɗaki guda suka kamu lokaci guda, babu zafin jiki, kuma suka ji sauƙi da fitowa waje, a zargi wuta. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da su, a rufe gaz. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, ba magani ba ne, shaƙe shi za su yi. A kwantar da shi bisa gefensa, a nemi mota ko amalanke a kai shi likita mafi kusa, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke. In abin ya yi tsanani, daga can za a wuce da shi asibitin Mayahi ko na Tasawa.